Ramar Bara da Ramar Bana

Akwai wani manomi da yake shuka rama a gefen gonarsa. In ta nuna sai ya yanke, ya jiƙa a kududdufi har ta ruɓe, ya ɓare, ya wanke, ya shanya. Da rani yakan zauna a gindin bishiya yana tufka igiya a cinyarsa. Duk unguwar da igiyarsa ake ɗaure awaki, da ita ake jan guga.

Mutumin nan yana da wata al'ada. Ba ya taɓa ramar bana sai ta shekara a rataye cikin zaure. Yakan ce, "Ramar bara ta ga sanyi, ta ga zafi. Ta bana ba ta san komai ba."

Wata shekara bazara ta yi tsanani, rijiyar unguwa ta cika da laka. Mata suka koma ɗebo ruwa a wani rafi mai nisa, ruwan kuwa yana sa yara ciwon ciki. Dattawa suka ce a yashe rijiyar. Wanda ya yarda zai shiga shi ne surukin manomin, mijin 'yarsa. Aka ce wa manomin ya tufka doguwar igiya mai ƙarfi, wadda za a zura mutum da ita.

Ya sauke damin ramar bara, sai ya tarar gara ta ci rabinsa. Matarsa ta leƙo ta ce, "Maigida, wannan ba za ta kai ƙasan rijiya ba. Ga ta bana nan. Ka riƙa saka ta a ciki tun yanzu."

Ya ce, "Ta jira lokacinta."

Ta ce, "To. Kai da ramarka, kamar tare aka haife ku."

Ya tufka ramar bara har silin ƙarshe. Igiya ta yi kyau, amma ba ta kai ba. Sai ya ɗauko ramar bana ya tufka wata igiya dabam. Ya haɗa bakin biyun ya yi ƙulli, ƙato kamar dunƙulen hannu. Ya taka da ƙafa, ya ja iya ƙarfinsa, ya ce ya yi.

Surukin ya ga ƙullin. Ya dube shi, ya dubi ƙasa. Amma ba a gyara wa uban mata aikinsa a gaban jama'a. Ya ce, "Sannu da aiki, Baba." Ya ɗaura igiyar a ƙugunsa.

A bakin rijiyar akwai wani gungume da ake jan igiya a kansa. Igiyoyin guga sun daɗe suna cin sa, har sun yi masa gurbi mai zurfi. A cikin gurbin nan igiya take bi. Lokacin da ake zura surukin, ƙullin ya zo ya yi tsalle ya wuce. Ba wanda ya kula.

Ya sauka ƙasa, yana cika guga da laka, ana ja da wata ƙaramar igiya. Ana cikin haka sai gefen rijiyar ya fara zubowa. Ya ɗaga murya ya ce, "Ku ja ni! Ku ja ni!"

Maza suka ja. Igiya ta taho, ta taho, sai ta tsaya cik. Ƙullin ya kafe a ƙarƙashin gungumen, gurbin ya yi masa kaɗan. Suka ƙara ƙarfi. Sabuwar igiya tana da santsi, tsohuwa ta bushe, sai ƙullin ya fara zamewa a kan idon kowa. Surukin yana lilo a tsakiyar rijiya, ƙasa tana zubo masa a ka. 'Yar manomin ta ɗora hannu a ka tana kiran sunan Yesu.

Manomin ya ce, "Ku daina ja!" Ya kwanta rub da ciki, ya miƙa hannu ya damƙe tsohuwar igiya a ƙasan ƙullin. Matarsa ta ruga ta kawo taɓarya. Aka cusa ta a ƙarƙashin igiyar, maza biyu suka ɗaga, ƙullin ya haye gungumen da kyar. Aka fito da surukin, laka har wuya. Tafin hannun manomin kuwa duk ya saɓule.

Da surukin ya sami numfashi, sai ya durƙusa ya ce, "Baba, igiyar tana da kyau. Sama lafiya, ƙasa lafiya. Tsakiyar ce kawai ba su gaisa ba."

Mutane suka yi dariya. Matar ba ta yi ba. Ta ce, "Saura kaɗan ka mayar da 'yarka gwauruwa saboda ramar bara."

Rijiya ba ta yasu ba, ba kuwa wanda zai sake shiga da igiyar nan.

Washegari ya kwance ƙullin. Ya kama tsohuwar igiyarsa, wadda ya sha wahala a kanta, ya warware ta baya sosai. Ya warware bakin sabuwar ita ma. Hannunsa ba ya murzuwa saboda ciwo, sai ya aika a kira surukin. Ya ce, "Zauna. Kai za ka murza, ni zan miƙa maka."

Ya nuna masa. Tun tsohon sili yana da sauran tsawo ake kwantar da sabo a gefensa, a murza su tare. Su yi tafiya tare, har tsohon ya sirance ya ƙare, sabon ya riga ya kama. Ba a sa su duka a wuri ɗaya. Wannan ya shiga nan, wancan ya shiga can gaba. Da suka gama, surukin ya bi igiyar da yatsa yana neman mahaɗin, bai samu ba.

Manomin ya ce, "Za ka shiga?"

Ya ce, "Zan shiga, Baba. Ai da hannuna a ciki."

Aka tokare gefen rijiyar da itace, aka zura shi. Igiya ta bi gurbin sumul, da sauka da hawa. Kafin rana ta faɗi, idon ruwa ya buɗe.

Ga ma'anar misalin. Igiyar ita ce aikin Ubangiji a cikin ikkilisiya. Ramar bara mu ne dattawa. Ramar bana matasanmu ne. Mutumin da ke cikin rijiya shi ne duk wanda ransa ya rataya a kan aikin nan: mara lafiya da ke jiran a zo a yi masa addu'a, gwauruwa, yaron da bai san Yesu ba tukuna.

Dattijo yakan riƙe mabuɗin majami'a, shi ne mai ba da waƙa, shi ne mai zuwa gaisuwar makoki. In saurayi ya matso, sai a ce ya jira lokacinsa. Matasa su koma gefe su yi nasu taron. Kowane ɓangare yana da kyau. Ran da dattijon ya kwanta ciwo, sai a kama wani saurayi da gaggawa a ɗaura shi a wurin. Ƙulli ke nan. Yakan riƙe a ranar lafiya. Ranar wahala ce yake kafewa.

Dattijo, kana da sauran ƙarfi? To yanzu ne lokacin. In za ka duba mara lafiya, ka tafi da saurayi, ka ce shi ya yi addu'ar. Zai yi tuntuɓe. Ka gyara masa a hanyar dawowa, ba a gaban mutane ba. Uwa a zumuntar mata, ki ba yarinya waƙar ta ja, ki tsaya a gefenta. Dattijo, za a warware maka wani abin da ka saba, ba daɗi. Ka bari a warware.

Ku kuma matasa, sabon sili ba ya shiga igiya a miƙe. Sai an murza shi. In an gyara muku, kada ku yi fushi ku fice.

Gara ba ta cinye mu duka ba, Allah kuma ya ba mu ramar bana da yawa. Ku duba bayan majami'a, ga su nan zaune. Kafin Lahadi mai zuwa, kowane dattijo ya kira ɗaya da sunansa, ya ce masa, "Zo mu je."