Jimlar da Mika'ilu Ya Ƙi Canzawa

Akwai wani malamin firamare a wani ƙauye kusa da Kunci, sunansa Mika'ilu. Shekarar da korona ta sa aka rufe makarantu, yana tsaka da karatun digiri na biyu, yana bincike kan yadda mutanen karkara ke karatu ta waya.

Da la'asar yakan zauna a bakin gonar gero yana kallon gajimare, zuciyarsa ta yi nisa. Sai ya riƙa ganin sunansa a mujallar masana, ana karanta labarin ƙauyensu a ƙasashen da bai taɓa zuwa ba.

Cikin waɗanda ya tattauna da su akwai Maijidda, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Takan hau tudun bayan gari inda sabis ke ɗan kamawa, ta sauke darasi, ta dawo tana saurare tana surfe.

Ta ce masa, "Malam, in za ka rubuta, kar ka ce ba ma so. Muna so. Sabis ne babu."

Da ya gama, ya aika wa wata mujalla. Editan ya ce za su buga, amma sai ya rubuta cewa mutanen ƙauye ba su da sha'awar irin wannan karatu.

Abokinsa Dabo ya ce, "Jimla ɗaya ce fa. Kuma in ba a buga ba, babu digiri. Maijidda ai ba ta jin Turanci."

Mika'ilu ya ce, "Ita ba za ta karanta ba. Amma ni da kunnena na ji ta."

Ya janye aikinsa. Abokan karatunsa suka kammala suka bar shi. Damina ta wuce, kaka ta wuce, wata mujallar da ya aika wa tana ta dawo masa da gyara, yana yi bai gaji ba. Daga ƙarshe aka buga yadda ya rubuta.

Wata malamar jami'a, Dakta Zulaihatu, ta karanta. Ta zo ƙauyen da wata ƙungiya, suka sa sola da intanet a aji ɗaya na makarantar.

Ranar buɗewa mata suka cika ajin har waje. Dabo ya tsaya a bakin taga yana kallo.

Darasi: Kar ka sayar da gaskiyar mutanen da suka amince maka don ka yi saurin samun suna. Haƙuri kan jinkirta, amma ba ya tozarta mai shi. Ku tura wa ɗalibai da malaman da kuka sani.