Harshen Kilarinet Da Aka Hana Hutu

Akwai wani mabushin kilarinet a wata ƙungiyar makaɗa da abokan aikinsa ke kira Yanzu-Yanzu, don ko shayi ba ya bari ya huce. Gwani ne, wannan kam ba musu.

Ga wanda bai sani ba, kilarinet wata baƙar sarewa ce mai maɓallai. A bakinta ake ɗaura wani siririn ɓallin kara da mabusa ke ce wa harshe, shi ke kaɗawa ya ba da murya. In harshen ya lalace, ko kai wane ne, busarka kukan agwagwa za ta koma.

Kawunsa shi ne babban mabushin ƙungiyar, amma haƙora sun fara yi masa gardama, zai ajiye aiki. Aka ce za a yi gwaji, wanda ya fi ya gaji kujerarsa. Tun yana ƙarami Yanzu-Yanzu yake mafarkin kujerar nan.

Shi Kawu, harsunansa a durowa suke, wasu sun shekara a kwali ba a taɓa su ba. In ya ɗauko ɗaya sai ya tsoma a ruwa, ya busa kaɗan, ya goge, ya kwantar a kan gilashi don ya bushe a miƙe. Gobe ya ƙara masa kaɗan. Haka yake juya su har kowanne ya saba da baki.

Yanzu-Yanzu kuwa ya dace da wani harshe mai zaƙin murya, ya mai da shi ɗan lele. Safe da yamma shi yake busawa.

Wata rana bayan atisaye Kawu ya ce, “Ɗana, ka bar harshen nan ya huta. Ka fara horar da wasu tun yanzu.”

Ya yi dariya ya ce, “Kawu ke nan. Kara ne fa, ba jaki ba. In ma ta ɓaci, ga sabon kwali can ko ɓarewa ban yi ba.”

Kawu ya ce, “To, Allah ya ba da sa'a.”

Ranar gwaji ya tsaya gaban alƙalai ya fara, har ɗayansu yana gyaɗa kai. Ana tsakiyar waƙa ɗan lele ya saki. Ya sha yawu ya gaji, ya yi laushi, muryar sama ta ƙi fita.

Ya nemi izini, ya ɓare sabon kwali, ya ɗaura wani. Sabon harshe kuwa kamar sabon takalmi yake, bai san ƙafar kowa ba. Yana hura iska ya tsala wata ƙara, alƙalai suka dubi juna.

Kujerar ta tafi ga wata mabushiya da ke zama a bayansa. Abin ya yi masa ciwo matuƙa, don ya san ba hannu ta fi shi ba.

Da zafin ya ɗan lafa ya je gidan Kawu, ya zauna a falo ya kasa haɗa ido da shi. Kawu bai ce masa “ai na faɗa maka” ba. Ya ajiye kofin ruwa a gabansa, ya miƙa masa harshe ɗaya ya ce, “Jiƙa, ka busa.”

Ya busa. Da farko da tauri, can murya ta fara buɗewa, ransa ya fara sanyi. Sai Kawu ya ɗaga hannu.

“Ya isa. Cire, ka kwantar da shi.”

“Kawu, yanzu fa ya fara daɗi.”

“Shi ya sa.”

Ya daɗe yana kallon harshen. Sannan ya kwance shi, ya goge, ya kwantar a kan gilashin, ya tambayi Kawu ƙarfe nawa zai dawo gobe.

Darasi: Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da zai fisshe ka ranar buƙata, tun ana zaune ƙalau ake renonsa, kuma wanda ke yi maka amfani yau ka bar shi ya huta kafin ya saki. Ku tura wa wannan ɗan'uwan naku da ba ya bari shayi ya huce.