Ranar da Aka Ɓoye Baba Tela

Akwai wani dillalin gidaje da ake kira Mai Maki. Kafin ya duba ɗaki ko rufi, layin yake fara dubawa ya ba shi maki cikin goma. Kwata mai wari ta cinye maki biyu, ƙarar injin niƙa ta cinye ɗaya. Mutumin nan, da za a bar shi, har tarin maƙwabta sai ya yi wa maki.

Gida ɗaya ne ya gagare shi, kuma na yayarsa ne. Mijinta ya rasu, tana son ta sayar ta koma kusa da 'ya'yanta, amma wata takwas babu mai saye. Duk ranar da ta kira shi sai ta yi kuka.

Mai Maki ya yi nazari, ya ɗora laifin a kan Baba Tela, tsohon da gidansa ke kallon nata. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, kowace safiya 'yarsa ke fito da shi ta zaunar a kujerar roba a ƙofar gida, da tawul a kafaɗa saboda yawu. Nan yake wuni, duk mai wucewa ya tsaya su gaisa.

Da wata malamar makaranta ta ce za ta zo ganin gidan ran Asabar, sai Mai Maki ya tsallaka ya sami 'yar tsohon.

"Don Allah ran Asabar ki bar Baba a ciki. Masu saye ido gare su, zamansa a nan yana rage wa layin daraja."

Ko rage murya bai yi ba, alhali tsohon na zaune a gefensu, kuma ciwon bai taɓa kunnensa ba. 'Yar ta sunkuyar da kai ta ce, "To."

Ran Asabar layi ya yi tsit, an share shi fes. Malama ta duba ɗakuna, ta murɗa famfo, sannan ta dawo bakin ƙofa tana kallon tsallake.

"Ina tsohon da ke zama can?"

Mai Maki ya washe baki. "Ai mun gyara layin, Malama. Ba za ki ƙara ganin wannan ba."



"Mahaifina shekara biyu ke nan da irin ciwonsa," ta ce. "Inda muke haya katanga ce ko'ina, sai ya yi sati bai ga fuskar kowa ba sai tawa. Sau uku ina biyowa ta nan, ina ganin har masu sauri suna tsayawa su gaishe da tsohon. Abin da ya kawo ni ke nan. Ashe ɓoye su kuke yi."

Ta miƙa masa makulli ta tafi. Ya bi ta har bakin titi yana rantse-rantse, ko waiwaye ba ta yi ba.

Kunya ta ishe shi. Washegari ya je ya roƙi 'yar ta fito da Baba.

"Ya ƙi," ta ce. "Shiga ka gaya masa da kanka."

Ɗakin duhu, sai warin man zafi. Mai Maki ya durƙusa yana ba da haƙuri. Tsohon ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin maganar ta fito.

"Ba komai, ɗana. Ka sayar wa yayarka... tukuna. Sai in fito."

Babu fushi a muryarsa, da gaske yake, kuma wannan ne ya fi yi wa Mai Maki ciwo. Ya yi ta neman mai saye kamar zai zauce, ya rage farashi har sau biyu, gida dai shiru.

Bayan wata biyu aka fito da Baba Tela, a makara.

Darasi: Darajar unguwa tana wurin yadda take riƙe tsofaffinta da marasa lafiyarta. Kada ka mayar da ɗan Adam abin ɓoyewa don a yaba maka layi, domin wata maganar, haƙuri ba ya goge ta. Ku tura wa 'yan'uwa da maƙwabta, ko wani zai tsaya ya gaishe da tsohon layinsu yau.