Kakar Jatau Ta Zo Suna

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu sha labari.

Wai Bunsuru Jatau ne ya fito neman sarautar garke. Ya ce shi jan Sakkwato ne tsantsa, ko gashi ɗaya na bare babu a jikinsa. Awaki suka ce to, za a naɗa shi ranar sunan ɗansa.

Da aka fito da jariri, sai ga shi baƙi, ƙafafu kamar an datse.

Doguwar Akuyar Azbin ta ce, "Ranka ya daɗe, ina sauran ƙafafun?"

Jatau ya shafa gemu ya ce, "Mu 'yan sarauta a durƙushe ake haihuwarmu. Baƙin kuwa inuwa ce."

Sai ga wata gajeruwar tsohuwa daga kurmi, baƙa wuluk. Ta ce, "Kai mijina, ka haihu ba ka aiko wa kakarka ba? Warinka na biyo. Ga yaro ya ɗauko ni sak."

Jatau ya ce bai san ta ba.

Ta ce, "To ɗaga baƙar wutsiyar da kake shafa wa jar ƙasa."

Jatau ya zauna daram a kanta. Yana zaunen aka naɗa wani.

Ƙurungus kan ɗan kusu. Mai musu ya je ya tashe shi.