Ƙafar Jatau a Ƙarƙashin Sikeli

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da jirgin alhazai in ya sauka sai gari ya fito kallo. Sallau sunansa, gyaran keke yake yi. Allah ya kira shi Makka, ya je, ya sauke farali.

To, ku saurara. Yana da maƙwabciya, Tasalla, mijinta ya rasu ya bar ta da yara, da zare da allura take ciyar da su. Ranar sallama Sallau ya ce mata, “In Allah ya dawo da ni, zan zo miki da keken ɗinki na hannu.” Ba ta roƙa ba, shi ya faɗa.

Ya kuwa sayo. Keke ƙarfe ne, jama'a. Ya naɗe shi cikin bargo, ya zuba dabino, ya cusa jallabiyoyi da hulunan tsaraba, ya hau kan jaka ya zauna kafin zif ya rufu.

Ranar dawowa aka zo wurin awon kaya a filin jirgi. Kowa da iyakar nauyin da aka yarje masa, abin da ya haura kuwa a nan za a bar shi. Ni da nake muku bayanin nan, da mutane ake aunawa, da tumbina kaɗai ya isa a hana ni shiga jirgi.

Sallau ya ɗora jaka. Abokinsa Jatau, wanda ya san dabarar layi, ya lallaɓo ya zura babban yatsan ƙafarsa ƙarƙashin gefen jakar, ya tallafe ta. Sikeli ya nuna daidai. Ma'aikacin ya ce, “Wuce, Alhaji.”

Sallau ya dubi ƙasa. Ya ce, “Jatau, janye ƙafarka.”

Jatau ya ce ƙasa-ƙasa, “Kai, rufa mana asiri! Yatsa ɗaya ne fa.”

“Jiya-jiya na gama kuka a yafe mini na baya. Ban ko hau jirgi ba zan buɗe sabo? Janye.”

Ya janye. Allurar sikeli ta yi tsalle. Ma'aikacin ya ce, “Alhaji, sai ka rage. Mene ne mai nauyin nan?”

Jatau ya ce, “Fitar da keken, kowa ya huta. Matar nan za ta kai ka ƙara ne?”

Kun dai san abin da ake nufi da alhaji ya dawo ba dabino. Gari zai zo barka da sauka, hannu a buɗe. Sallau ya sani sarai. Ya durƙusa, ya zuge jaka, ya kwashe dabinon nan kaf ya miƙa wa masu shara. Bai isa ba. Ya saka jallabiyoyin a jikinsa, wata kan wata, cikin zafin nan, har ya koma kamar buhun auduga. Keke dai bai taɓa shi ba. Sikeli ya yarda, ba ƙafar kowa.

Ya iso gida. Tasalla ta rungume keke, tana ta sa masa albarka. Masu barka suka cika zaure, Sallau ba abin da zai ba su sai ruwan randa. Ana cikin haka sai ga Jatau da kwano cike da dabino, bayansa wasu alhazan da suka ga abin a layi, kowa da nasa. Jatau ya dire kwano ya ce, “Ƙafata ce ta aiko ni ba da haƙuri.”

Sallau ya ce, “Alhamdu lillahi. Ka ce mata na yafe.”

To, jama'a, mu gode wa Allah da bai raba mu da irin waɗannan bayi ba. Kowannenmu yana da sikeli a gabansa, mai mudu a kasuwa, mai awon nama, mai rabon gado. Ku janye ƙafa. In kuma kaya suka yi nauyi dole a rage, ku rage daga naku, kada ku fara da alkawarin da kuka yi wa wanda ba shi da bakin tambaya.