Tubalin Dagaci Jatau

An ce a wani gari, Dagaci Jatau ya yi alkawarin bijimi ga wanda ya fi kowa aiki a ginin rumbun gari. Ranar gamawa, da ya tuna ƙibar bijimin, sai ya sa ƙarti shida suka jawo shi, shi Dagacin, da igiya har ƙololuwar rumbun, da tumbinsa da komai, ya ɗora tubalin ƙarshe.

Daga can sama ya kira Tunau magini. "Kai ne alƙali. Rantse ka faɗi wanda ya fi aiki. Ka tuna tubalina ya fi na kowa hawa, kuma wanda ya ƙaryata ni ba ya kwana a garin nan."

Tunau ya sosa ƙeya. Ga rantsuwa, ga kora.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ashe da tsawo ake auna aiki?"

"Da me kuwa?"

"To, in biyu sun kai tsawo ɗaya, wannan da tubali, wancan da dutsen niƙa?"

"Mai dutse mana. Nauyi ma ana lissafa shi."

"Tsakanin tubalin nan da kai, wa ya fi nauyi?"

"Ni kake haɗawa da tubali?"

"Allah ya kiyaye. Mun shekara muna gini, ba mu ɗaga abin da ya kai ka ba. Wa ya ɗaga ka?"

Dagaci ya leƙo ƙasa. Ƙartin shida suna kallonsa, igiyar saukowa tana hannunsu.

Sai da aka feɗe wa ƙartin bijimin sannan aka sauko da Dagaci.