Ƙwan da Ya Amsa Sunansa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Malam.

To ku matso kusa, muryata ba ta kai ta da ba.

An yi wani tsohon Kunkuru a bakin wani kogi. Sunan kogin ya kwance mini, amma yashinsa fari ne, mai ɗumi. Sana'ar Kunkuru ɗaya ce, ajiyar ƙwai. Duk tsuntsuwar da tafiya ta kama, sai ta kawo nata ya binne mata a yashi. In ta dawo ta faɗi inda ta bar su, a tono a ba ta. Haka aka saba tun kaka da kakanni.

Wata shekara damina ta makara. Babu ƙwaro, babu tsaba. Sai tsuntsaye uku suka shirya tafiya wata fadama mai nisa neman abinci: Zabuwa, da Agwagwa, da Fakara.

Zabuwa ta kawo ƙwai goma. Ta nuna da baki ta ce, "Baba, nawa na gindin tsamiya."

Agwagwa ta kawo takwas. Ta nuna da fiffike ta ce, "Baba, nawa na jikin farin dutse."

Fakara ta zo da guda ɗaya tal. Gobarar daji ta cinye mata sheƙa da ƙwai shida, wannan kaɗai ta iya mirginowa daga wuta. Ta ajiye shi, amma ta kasa ɗauke ƙafarta daga kansa.

Ta ce, "Baba, inda aka binne su nan suke zama?"

Kunkuru ya ce, "Ina fa, 'yata. In rana ta yi zafi in kai su inuwa. In sanyi ya sauko in mayar da su rana. In ruwa ya taso in haura da su tudu."

"To kana tuna na wa ka kai ina?"

Tsoho ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Da ina tunawa. Yanzu kuwa, abin da na ci jiya ma sai na tambayi cikina."

Fakara ba ta yi masa dariya ba. Ta share masa ƙasar da ke kan ƙoƙon bayansa, ta ce, "Ba komai, Baba. Ba zan ɗora maka nauyin tunawa ba. Suna zan raɗa masa."

Zabuwa ta ƙyalƙyale da dariya. "Suna? Ke Fakara, yunwa ta taɓa miki kai? Wa ya taɓa raɗa suna ba a haihu ba, ba a kwana bakwai ba? Ina ragon? Ina wanzamin?"

Agwagwa ta ce, "Ki bari ya fito mana mu ga ko namiji ne ko mace. In namiji ne ki ce Abarshi, in mace ce ki ce Abarta."

Fakara ta ce, "Tunda ban sani ba, sunansa A-bar-mini."

Su biyu suka tashi suka tafi suna dariya. Ita ta zauna da yunwarta. Da safe ta kai baki jikin ƙwan ta ce, "A-bar-mini, A-bar-mini." Shiru. Washegari ta sake, "A-bar-mini, A-bar-mini." Shiru. Rana ta uku, ga yunwa ta ci ta, ta ce, "A-bar-mini, A-bar-mini." Sai ta ji daga ciki: ƙwas, ƙwas.

Ta ce, "Ka ji, Baba?"

Ya ce, "Kunnena bai ji ba, amma na ga idonki. Tashi ki je ki ci abinci."

Bayan tafiyarta da kwana biyar, ko shida ne, sai sama ta tsage. Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kogi ya cika ya tumbatsa. Tsoho ya shiga tono, yana tura ƙwai da hanci ɗaya bayan ɗaya, yana hawa tudu yana saukowa, har ya kwashe su duka goma sha tara. Ko ɗaya bai fashe ba. Sai dai laka ta shafe su, ta bushe a jikinsu. Babba da ƙarami, mai zane da fari, duk suka koma dunƙulen ƙasa iri ɗaya.

To a kan tudun nan akwai ramin Guza, kun san shi da son ƙwai. Ya leƙo ya ga tsibi a ƙofar gidansa, yawu ya tsinke masa.

Ya ce, "Sannu da aiki, tsoho. Ka kawo mini ƙwan matata gida."

Kunkuru ya ce, "Ajiyar mutane ce."

"Ta wa da wa? Nuna mini."

Kunkuru ya duba, ya duba, ya kasa. Sai ya hau kan tsibin ƙwan ya kwanta, ya janye kai da ƙafafu cikin ƙoƙonsa. Guza ya ture shi, ya yakushe shi, ya zage shi. Bai motsa ba. Kwana uku yana nan, ba ci ba sha.

Rana ta huɗu tsuntsaye suka dawo. Agwagwa ta nufi farin dutse, ta tarar ruwa ya shanye shi, ko kansa ba a gani. Ta hau kuka. Zabuwa ta nufi gindin tsamiya, ta tona, ta samu ƙwai goma cif. Ta kwaso su tana taƙama. Fakara kuwa ba ta nemi wuri ba. Tsoho ta nema, ta same shi a kan tudu, Guza na zagaye shi.

Guza ya ce, "Yawwa, ga shaidu. Al'adar bakin kogin nan, wuri shi ne shaida. Ƙwan da ke ƙofar ramina na wa ne?"

Agwagwa ta waiga wajen kogi. Ba ta da abin nunawa.

Fakara ta durƙusa kusa da Kunkuru ta ce, "Baba, ni ce. Sauko ka huta."

Ya fito da kai a hankali. Ya ce, "'Yata, na tsare su, amma ban san naki ba. Ki yafe mini."

Ta ce, "Ai ka yi naka."

Ta juya ga tsibin, tana tunanin ƙwanta. In sanyin ruwa ya kashe shi fa? In ya manta fa? Ta ce, "A-bar-mini." Shiru. Guza ya lashe baki. Ta sake, "A-bar-mini." Shiru. Ta rufe ido, ta sassauta murya kamar yadda ta yi a safiyar nan ta uku. "A-bar-mini, A-bar-mini."

Can ƙarƙashin tsibi: ƙwas, ƙwas.

Wani ɗan dunƙulen laka ya motsa, ya tsage. Ga ɗan baki ya leƙo.

Fakara ta rufe shi da fiffike.

Guza ya ce, "To, wannan ɗaya naki. Saura nawa, wuri ya ba ni."

Daidai nan Zabuwa ta iso da ƙwanta goma. Guza ya gan su, ya daka tsalle. "Kai! Ajiye! Na matata ne! Ni na binne su a gindin tsamiya da ruwa ya janye, na ga ramin a tone!"

Zabuwa ta duba da kyau, ta ga ɓawonsu laushi gare shi kamar fata. Ta ja da baya. Amma bakinta bai mutu ba. Ta ce, "Ashe? Ai wuri shi ne shaida, Malam Guza. Gindin tsamiya nawa ne. Yau da wainar ƙwai zan yi buɗa-baki."

Guza ya faɗi yana roƙo. Ya rantse ya janye maganarsa. Aka miƙa masa nasa, ya kwashe ya shige ruwa, ko waiwaye babu.

Sauran goma sha takwas kuwa, Zabuwa da Agwagwa ba su iya rabewa ba. Suka kwanta a kansu tare, suna zungurin juna da gwiwa, har aka ƙyanƙyashe. 'Ya'yan agwagwa biyu suka ɗauki Zabuwa uwa, ta yi ta bin bakin ruwa tana ihu kada su nutse.

Fakara ta ɗebo ɗanyen rama ta kai wa tsoho. Yana ci ya dubi ɗan tsakon ya ce, "Wa ma kika ce sunansa?"

Ta faɗa masa. Da yamma ya sake tambaya, ta sake faɗa masa, ba ta gaji ba.

To kun ji, yara. Wuri aro ne, yau naka, gobe ruwa ya ci, jibi wani ya zauna. Abin da kake ƙauna, kada ka ce yana can. Ka ba shi sunan da babu mai irinsa, duk inda aka kai shi zai amsa.

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu ya shige rami ya bar mana wutsiya.